Bebiyar Tele da Gogen Arzika

Aikin farko da Gado ya ba ni a gidan kallonsa shi ne goge kan bidiyo. Za ka kwance murfin, ka naɗe tsumma mai laushi a ɗan yatsa, ka ɗiga masa alkol, ka riƙa juya ƙarfen nan mai sheƙi a hankali kamar mai share idon jariri. In ka danna da ƙarfi, hoto ya tafi ke nan, sai farin yashi ya cika fuskar tele. Na fara da wannan ne saboda ku samarin yanzu, da kuke yawo da sinima a aljihu, kuna ganin sana'armu ba komai ba ce. Kwanan baya ɗan ƙanwata ya ce mini, "Kawu, ai ku banza kunka ci. Ka tura kaset ka zamna, shi ke nan." Na yi dariya har na ƙware. Tura kaset, ko akuya ta iya in an nuna mata ramin.

Gidan kallon wani dogon zaure ne a bayan kasuwar Filinge, kusa da masu sayar da igiya. Bencina a baya na manya, tabarmi a gaba na wanda bai damu da ƙafarsa ba. Ƙofa da taga mu toshe su da barguna don a samu duhu, domin mu da rana muke nunawa, ranar kasuwa, saboda mutanen ƙauye su kama hanya kafin magariba. Gurup, wato injin wutarmu, mun haƙa masa rami a bayan gida don kada ƙararsa ta cinye magana. Maganar kuwa ita ce sana'ar. Finafinan suna zuwa daga Yamai da Faransanci ko Indiyanci ko yaren 'yan karate, masu kallonmu kuma manoma ne da makiyaya da dillalan dabbobi. Dole wani ya tsaya gefen tele da 'yar sanda a hannu, ya zama bakin duk wanda ya fito, namiji ko mace, sarki ko ɓarawo. Gado ya yi wannan aiki tun yana saurayi a motar sinima ta gwamnati mai zagaya ƙauyuka. Ni kuma a hannunsa na koya.

Ya daɗe bai bar ni na buɗe baki ba. Ni ne cika gurup da esansi, ni ne jiƙa buhuna in shimfiɗa bisa kwano don rage zafi, ni ne ɗinke kaset da jan farce in ya tsinke. In fim ya fara sai ya ce in juya wa tele baya. "Mi kake nema ga tele? Ita ta san aikinta. Dibi wuyan mutane." Da haka na gane cewa wuya ba ya ƙarya. In fim ya kama mutum, wuyansa ya miƙe gaba. In ya sake shi, sai ya fara neman goro a aljihu. Ya koya mini cewa ba a magana a kan duka, a bar naushi ya sauka da kansa. Ya koya mini inda ake tsayar da kaset in an kira la'asar, daidai wurin da wuƙa ta ɗaga ba ta sauka ba, don kowa ya yi sallama ya dawo a guje. Ya hana ni ruwan sanyi, ya saba mini da citta da zuma. Faransancina bai wuce na aji huɗu ba, nasa ma bai kai nan ba, amma ban taɓa ganin wanda ya fita ya ce bai gane fim ba.

Lokacin soja ne muka fara, saboda haka bakin mai fassara abin sa ido ne. Akwai wani jandarma da yake zuwa ya zauna a ƙarshen benci, hularsa bisa gwiwa, wai kallo ya zo. Kowa ya san kunne ya kawo. In mugun cikin fim ya fito da kakin soja da taurari a kafaɗa, Gado ba ya ko ƙifta ido, sai ya ce, "To jama'a, ga mai gadin kamfani nan ya iso." Da haka janar-janar da yawa suka zama masu gadi a zaurenmu, jandarman kuma yana ta gyaɗa kai. Daga baya ya zama ɗan gida, har yakan tuna mini in na manta sunan dokin jarumin fim.

A ƙarƙashin teburin tele akwai wani kwali da muke kira kwalin yara. Ciki akwai finafinan zane, da kuma waɗanda mutane na gaske suka yi amma an ɗauko labarinsu daga littattafan zanen nan da 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, suke ɓoyewa cikin jaka. Su ne na masu rufe fuska, masu kaya ɗamamme kamar 'yan kokowa, suna tsalle daga soro zuwa soro. Ba ma fito da kwalin sai ranar salla da safe. Babban mutum ba ya shiga. Alhaji Bawa, babban dillalin shanu, wanda in ya zauna a benci sauran manya suke zama, in ya tashi su tashi, ya taɓa leƙowa ya ga wani mai alkyabba yana shawagi a sama. Ya tofar da goro ya ce, "Ni da gemena in zamna kallon 'yan tsana? Allah shi kiyaye." Ni ma a lokacin haka na ɗauke su. In ina fassara su sai in maƙe murya, in yi ta shirme don yara su yi dariya.

Shekarar da aka karya darajar kuɗi ita ce muguwar shekararmu. Damina ba ta yi kyau ba, samari sun tafi cin rani bakin teku, komai na kanti ya ninka. Gado ya kwanta, ɓarin jikinsa ya mutu, zauren ya dawo hannuna, kuma daga zauren nan ne tukunyarsa da tawa suke tafasa. Sai wata ranar kasuwa gurup ya yi wani irin tari, ƙarfin lantarki ya yi sama, muka ji ƙauri. Hoto bai tafi ba, amma murya ta tafi. Na ɗauki telen a kan cinyata cikin motar Yamai, mai gyara ya buɗe ya ce abin da ya ƙone sai an aiko daga waje, kuma ko an aiko ba ni ne mai iya sayensa ba. Na dawo da ita a kan cinya kamar yadda na tafi da ita.

Ku gwada kallon fim ɗin Indiya babu waƙa, ku ga. Mutane biyu ne suna zagaya itace suna buɗe baki kamar kifi. Karate kuwa in babu ƙarar duka, rawa ce. Na yi iya yina, na yi waƙar da bakina, na yi naushin da tafin hannu, aka yi mini dariyar da ba ta kuɗi ba. Kasuwa bayan kasuwa bencina suna ta yin fili. Sai Alhaji Bawa ya je gaida Gado, bayan an gama gaisuwa ya ce yana son gurup, zai haɗa shi da firji ya riƙa sayar da ƙanƙara. Gado ya kira ni. Bakinsa ya karkace, maganar tana fita da ƙyar.

"Haruna, in ruwan hwari ya sauka bencinan ga ba su cika ba, a ba Alhaji injin. Ba ni son ka tsuhwa kana yi ma bango magana."

Na ce to. Na fita na zauna a bakin zaure, raina ya ɓaci ƙwarai. Ba yunwa kaɗai nake tsoro ba. Gidan da mutumin nan ya gina da maƙogwaronsa ne zai mutu a hannuna.

Da na rasa abin yi sai na jawo kwalin yara, ina saka su ɗaya bayan ɗaya ni kaɗai. A nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Waɗannan finafinan ba su damu da rashin murya ba. Daga zane aka haife su, zane kuwa dama ba ya magana. Mugu ka gan shi ka san mugu ne, tsoro ya fito a ido, fushi ya fito a kafaɗa. Akwai ɗaya da na tsaya a kansa. Wani talaka ne mai gyaran takalma, in masifa ta taso a gari sai ya shiga ɗaki ya sa wata fuska mai dogon baki irin ta tsuntsu, ya yafa gashin fuka-fukai, ya fita ya yi abin da ya fi ƙarfin mutum. Wansa kuma ɗan sanda ne da ya rantse sai ya harbe mai fuskar, bai san ƙanensa ba ne. Na sa masa suna Burtu, saboda ya yi kama da kan burtun da maharba suke ɗaurawa a goshi.

Ina cikin kallo ban rufe ƙofa ba, sai na ji an ce daga bayana, "Wanga ai doki na."

Arzika ne, wani tsoho daga ƙauyukan arna na gabas da gari, mai yi wa 'yan bori goge. Ranar kasuwa yakan huta a inuwar zaurenmu. Shekarar ta buge shi shi ma, domin wanda ba shi da hatsi ba ya yanka akuya ya kira masu kiɗi. Na ce wane irin doki, Baba, mutum ne.

"Mutum na, amma hawa nai aka yi. Diba shi in ya tuɓe kayan, awa an yi mai duka. Bai ci, bai kwana, bai iya hwaɗa ma kowa. Kai kana tsammani daɗi shika ji? Ba shi yaz zaɓi kayan ga ba, su sunka zaɓe shi."

Na mayar da kaset baya na sake dubawa. Wallahi haka ne. Shekara da shekaru ina yi wa irin mutumin nan muryar wawa, alhali mai ɗauke da kaya ne. A ƙasarmu ko wanda bai taɓa zuwa wurin bori ba ya san wani da abu ya kama, ya san yadda gida yake zama in haka ta faru. Arzika ya ƙara da cewa abin da ya rage wa mutumin shi ne kiɗinsa, don mai irin wannan kaya ba ya fitowa shiru. Na dubi gogen da ke rataye a kafaɗarsa, shi ma ya dube ni.

Da na kai wa Gado maganar, ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Za a ce ka maida gidana gidan bori." Arzika da kansa ya kashe wannan magana. Ya ce ko an ba shi bijimin sa, ba zai yi kiɗin iskoki a wurin wasa ba. "In ka yi kira, amsawa akai. Ni ba ni kiran baƙi in rasa wurin sauke su." Ya ce sabon kiɗi zai ƙaga, wanda ba shi da mai shi. Muka shiga aiki. Ya yi wa Burtu take mai tashi sama kamar shaho, ya yi wa wansa wani mai nauyi, mugun fim kuma ya ba shi wani kiɗi mai ɗingishi da in ka ji sai ka ji haushi. Ni kuma na ajiye maƙe murya. Na ba kowa muryar babban mutum, na yi wa Burtu kirari irin na 'yan kokowa. Muka yi ta maimaitawa har ya zama in na ja numfashi ya san inda zai shigo. Shi ne ya koya mini abin da ko Gado bai koya mini ba: wani wurin sai mai fassara ya yi shiru gaba ɗaya, ya bar tsirkiya ta faɗi sauran.

Ranar da muka fara, waɗanda suka shigo ba su cika benci biyu ba, yawancinsu kiɗin ne ya jawo su daga rumfar masu igiya. Kasuwa ta gaba sun ɗan ƙaru, amma manya ba su zo ba, kuma in manya ba su zo ba, ba ka yi komai ba. Gabas kuwa ta fara haɗa hadari, iska tana kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Sai ga Alhaji Bawa da rana tsaka, da babbar riga da carbi. Ya ce kada in yi tsammanin kallo ya zo, ya zo ya ji lafiyar injinsa ne yana aiki. Injinsa, haka ya ce. Na ba shi kujera a bakin ƙofa, ya zauna ya juya wa tele baya, kunnensa wajen rami.

Na fara. Ban taɓa yin aiki kamar na ranar nan ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, don ƙeyar mutum ɗaya nake yi. Ina magana ina kallon wuyan Alhaji. Da aka zo inda mai gyaran takalma ya dawo gida jina-jina, wansa ya kawo masa tuwo yana yi masa faɗan ya cika yawo, na ga carbin ya tsaya. Da Arzika ya ja taken Burtu, na ga kunne ya bar rami. Can sai kujera ta yi ƙara, ya juya rabi, wai gyara zama yake yi. Na yi kamar ban gani ba.

Ƙarshen fim ɗin a kan wani dogon soro ne. Burtu ya ji rauni, ya jingina da bango, wansa ya iso da bindiga ya auna shi. A nan ni da Arzika muka shirya zan yi shiru. Na sauke sandata. Gogen ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya zama kamar kukan sauro. Zaure ya yi tsit, yatsan wan yana kan kunamar bindiga. Sai muka ji benci ya faɗi. Alhaji Bawa ne a tsaye tsakiyar mutane, hula ta zame, hannu a sama.

"Kai! Kai mahaukaci! Ƙanenka na! Kak ka halba, ƙanenka na!"

Ba wanda ya yi dariya, domin rabin zauren abin da ke bakinsu ke nan. Da fuskar tsuntsun ta faɗi, wan ya ga wanda ke ciki ya yar da bindiga, Alhaji ya zauna a kan tabarma cikin talakawa yana share fuska da hannun riga, yana cewa zafin ɗakin nan ya yi yawa. Da aka watse ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana gyara hula. Na ce, "Alhaji, yaya ka ji injin?" Ya harare ni. "Injin ga hayaƙi gare shi, ba ni so. Akwai na biyun wanga labari?"

Babu na biyu, amma akwai sauran kwali. Kasuwa ta gaba ya zo da dillalai, dillalai suka zo da masu shanu, har daga Baleyara wasu suke tambaya ranar da za a sa Burtu. Ruwan farko ya same mu ana rigimar wurin zama. Na je na gaya wa Gado, ya yi murmushi da rabin bakinsa, ya ce in tabbata Arzika yana samun rabonsa kafin ni. Daga baya mun gyara muryar tele, amma duk ranar da na sa fim daga kwalin nan sai a ce in kashe ta. Na yi alfahari da wannan, kuma har gobe ina yi.

Saboda haka in kun tambaye ni ko irin waɗannan finafinan suna riƙe babban mutum, ni na san amsar da wuyan mutane, ba da ji a bakin wani ba. Ba dukansu ba. Akwai waɗanda daga farko har ƙarshe rushe gidaje ne, manomi yana kallo yana tsaki, yana tambaya wa zai kwashe wannan ƙasa, kuma ina masu gidajen za su kwana. Akwai waɗanda jarumin ba shi da uwa ba shi da maƙwabci, ƙarfi kawai, su ko goge ba ya cetonsu. Amma wanda aka ɗora wa mutum kaya ya rasa wanda zai gaya wa, ko na zane ne, dattijo zai zauna. Na taɓa sa wani na ɓeraye da suke tara hatsi kafin sanyi, wani tsoho daga wajen Abala ya fita yana cewa uban ɓerayen nan ya fi wasu masu gida hankali. Abin da yake kore babba shi ne ka yi masa muryar yara.

Gado ya rasu, Arzika ya bi shi bayan wasu shekaru, ba wanda ya gaji takensa. Faifai ya kashe kaset, waya ta kashe faifai, zauren yanzu shagon caji ne. Alhaji Bawa yana nan, ya tsufa tukuf, ido ya rage. Da ɗan ƙanwar nan tawa ya gaji da jin labarin Burtu, sai ya yi ta bincike har ya tono fim ɗin a wayarsa, da muryarsa ta asali, da kiɗin Turawa mai cika kunne. Ya ce mu je mu nuna wa Alhaji, ya ga na gaskiya yau.

Muka same shi a ƙofar gida bisa buzu. Ya karɓi wayar ya kai ta kusa da hanci. Ya ga mai gyaran takalma, ya gyaɗa kai. Ya jira har aka zo inda ake sa fuskar tsuntsu, ya karkata kunne yana jiran abin da ya sani. Ganguna suka ɓarke da ƙahoni. Ya ɗan ƙara jira, sannan ya miƙa wa yaron wayarsa.

"Ɗana, an cuce ka. Wanga ba shi na ba. Wasu na sunka ga na Haruna sunka kwaikwaya, kuma ba su samu mai goge ba."

Yaron ya buɗe baki zai yi gardama, na taka masa ƙafa.